Katanga, maigadi da sandar get: me mazauna unguwannin kulle suke saya?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, ƙofar unguwar kulle, wato rukunin gidaje da aka zagaye da katanga, tana da hanya biyu. Ɗaya ta mota ce. Maigadi na hango sitika a gilashi zai ɗaga sandar get tun kafin direba ya taka birki, ya ƙame ya ce, "Barka da asuba, yallaɓai." Ɗayar 'yar siririya ce a gefe, ta masu tafiya a ƙasa, kuma a nan layi yake: 'yan aiki, masu raino, direbobi, mai gyaran famfo da jakar kayansa a kafaɗa. "Wurin wa kika zo? Gida mai lamba nawa? Kawo katinki." A rubuta suna a littafi, a buga waya cikin gida a tabbatar ana jiranta. Da yamma idan za ta fita, a ce ta buɗe jaka. Maigadin da ke bincikar jakar shi ma ba a ciki yake kwana ba. Sau da yawa unguwarsu ɗaya da mai jakar, mota ɗaya suka shigo da asuba.

Wannan ƙofa kusan iri ɗaya ce a Sao Paulo, da Johannesburg, da Alƙahira, da wajen birnin Delhi, da jihar Filorida ta Amurka. Harshe ya bambanta, tufafin masu gadi ya bambanta, amma tsarin bai sauya ba: rukunin gidaje a cikin katanga, titunan ciki mallakar mazauna, ƙungiyar masu gidaje tana karɓar kuɗin hidima, kuma ba mai shiga sai da izini.

Tambayi kowane mazauni dalilin ƙaurarsa, amsar farko tsaro ce. Ba na son a yi wa wannan amsa dariya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka taɓa tsare shi da bindiga a ƙofar gidansa yana ƙoƙarin shigar da mota, ba ya buƙatar wani masani ya koya masa abin da ake kira tsoro. A Barazil, Alphaville, wadda aka fara ginawa a wajen Sao Paulo cikin shekarun 1970, ta bunƙasa ne a lokacin da fashi da kisa ke ƙaruwa a birnin. A Afirka ta Kudu, bayan ƙarshen mulkin wariyar launin fata a 1994, unguwanni da yawa sun toshe titunansu da sanduna, sababbin rukunoni masu katanga da wayar lantarki suka yi ta tsirowa, har aka kai ga masu gadi na kamfanoni masu rajista sun ninka 'yan sandan ƙasar fiye da sau biyu.

Sai dai tsaro kaɗai bai isa ya bayyana abin ba. A Amurka manyan laifuka sun fara raguwa sosai daga farkon shekarun 1990, kuma a daidai wannan lokacin ne gine-ginen unguwannin kulle suka fi yawaita. Ƙidayar gidaje ta ƙasar ta 2001 ta nuna gidaje sama da miliyan 7, wato kusan kashi 6 cikin 100, suna cikin unguwa mai katanga ko shinge, kimanin miliyan 4 daga cikinsu kuma ba a shiga sai an tantance mutum. Laifi yana sauka, katanga tana hawa. Wannan ƙidaya ta kuma rushe wani zato da ya daɗe: masu nazarin da suka tsefe alƙaluman sun gano cewa ɗan haya ya fi mai gidan kansa yiwuwar zama a bayan get. Wato hoton da ke zuwa zuciya, na attajiri da filin wasan golf, ɓangare ne kawai na labarin. Akwai gidajen haya na masu matsakaicin hali da aka zagaye da ƙarfe saboda mai gidan ya san kalmar "akwai tsaro" tana ƙara kuɗin haya.

Edward Blakely da Mary Gail Snyder, waɗanda suka zagaya irin waɗannan unguwanni a Amurka suka wallafa bincikensu a 1997, sun raba su gida uku: na masu neman jin daɗi, kamar tsofaffin da suka yi ritaya, na masu neman a san matsayinsu, da kuma na mutanen da suka rufe tsohuwar unguwarsu da kansu saboda tsoro. Rabon yana da amfani, amma a ganina akwai zare ɗaya da ya ratsa ukun. Abin da ake saya shi ne tabbaci. Mutum yana so ya san gobe za ta yi kama da yau: fitilar titi za ta kama, za a kwashe bola ranar da aka ce, maƙwabci ba zai wayi gari ya mai da gidansa garejin kanikanci ba, yaro zai hau keke a kwalta ba tare da uwarsa tana leƙe ta taga ba, kuma kuɗin da aka zuba a gidan ba zai zube ba. Ga yawancin iyalai gida shi ne dukiya mafi girma da za su taɓa mallaka. Duk abin da ya yi alƙawarin kare darajarsa, za a saurare shi.

A ƙasashen da hukuma ta gaza, wannan tabbacin ya wuce batun kyan gani, ya koma ruwa da wuta. Gurugram, wadda aka fi sani da tsohon sunanta Gurgaon, a gefen Delhi, kamfanonin gine-gine ne suka raya ta daga gonaki zuwa birnin dogayen benaye, kuma ba ta samu cikakkiyar hukumar birni ba sai 2008. Kowane rukuni ya tanadi janaretansa, da rijiyar burtsatsensa, da masu gadinsa. Mai kuɗin shiga ya sayi ƙaramar gwamnati da ke aiki. Wa zai zarge shi?

Akwai kuma ɓangaren da mazauna ba su cika sani ba, shi ne cewa da yawa daga cikinsu ba su zaɓi get ba, get ɗin ne kawai ke kasuwa. Kamfanin gini yana son katanga domin tana ba shi damar sayen fili mai araha a bayan gari, inda ba hanya ba hukuma, ya sayar da shi da tsada a matsayin wuri na musamman. Ƙaramar hukuma ma tana so, ko ba ta faɗa ba: sababbin masu biyan haraji sun zo, amma kwalta da lambatu da fitilun cikin unguwar ba a wuyanta suke ba. Idan duk sababbin gidajen da ake ginawa a gari masu get ne, matashin da ke neman gidansa na farko zai tsinci kansa a bayan katanga ko da bai taɓa jin tsoron kowa ba.

To, katangar tana hana sata? Binciken da aka yi bai ba da amsa guda ba. Wani nazari a Amurka da aka wallafa a 2015 ya samu cewa fasa gida ya fi ƙaranci a unguwannin kulle. Wani kuma da aka yi a yankin Tshwane na Afirka ta Kudu, inda birnin Pretoria yake, ya samu akasin haka: fasa gida ya fi yawa a irin waɗannan wurare. A Kalifoniya, Georjeanna Wilson-Doenges ta kwatanta unguwanni masu get da marasa get a 2000, ta ga mazauna masu hali na bayan get sun fi jin suna cikin aminci, alhali yawan laifin bai bambanta sosai ba, kuma sun fi ƙarancin jin cewa su al'umma ɗaya ce da maƙwabtansu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Katanga tana tare ɓarawon da ke wucewa ya ga taga a buɗe. Ga wanda ya shirya kuwa, tana nuna masa inda dukiya ta taru. Lambar sirrin get tana hannun mai kawo kaya, da tsohon direba, da saurayin 'yar gidan. Da ɗan gari akan ci gari. Mazauna kuma, da yake sun biya kuɗin tsaro, sukan saki jiki su bar ƙofa a buɗe. Laifukan da ake aikatawa a cikin ɗaki, kamar dukan mata da cin zarafin yara, babu katangar da ta taɓa hana su, illa ma ta rage masu jin ihu.

Jane Jacobs ta yi bayani tun 1961 cewa abin da ke tsare titi shi ne idon jama'a: mai shago a bakin ƙofarsa, tsohuwa a taga, masu wucewa dare da rana. Doguwar katanga tana kashe wannan ido ta waje. Titin da ke bin bayanta ya zama kufai, babu ƙofa, babu taga, babu mai tsayawa. Wanda ke bin wannan titin da ƙafa bayan faɗuwar rana shi ne mai aikin da ya tashi daga cikin unguwar. Aminci ya ƙaru ta ciki, an ɗebo shi ne daga waje.

Babbar illar a wurina ba a nan take ba. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi wani bayani a 1970 da ya dace da wannan batu kamar don shi aka yi. Ya ce idan abin da mutane ke amfani da shi tare ya lalace, hanya biyu gare su: su yi magana, ko su fice. Matsalar ita ce waɗanda suka fi saurin ficewa su ne waɗanda maganarsu ta fi nauyi. Ya ba da misali da makarantar gwamnati. Idan ta fara taɓarɓarewa, iyayen da suka fi damuwa kuma suke da hali su ne na farkon cire 'ya'yansu, sai a bar makarantar da waɗanda ba mai jin kukansu. Haka gari yake. Lauya, da likita, da babban ma'aikaci, da ɗan kasuwar da ke da lambar wayar shugaban ƙaramar hukuma, su ne za su iya tayar da jijiyar wuya idan famfo ya ƙafe ko ofishin 'yan sanda ya zama kango. Ranar da suka haƙa rijiyarsu suka ɗauki masu gadinsu, ƙafewar famfon ta daina zama matsalarsu. Ba mugunta suka yi ba, kowannensu ya yi abin da hankali ya ba shi. Amma idan aka tara shawarar mutum dubu goma masu hankali, sai a samu gari wanda manyansa ba su da abin da za su yi asara idan ya rushe.

Daga nan sai maganar haraji ta taso. Mazauni zai ce, "Ina biyan kuɗin hidima a gyara titina, a kwashe bolata, don me zan sake biyan hukuma?" Hujjar tana da ƙarfi, har a jihar New Jersey ta Amurka akwai dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi su yi wa irin waɗannan rukunoni wasu ayyuka, kamar kwashe shara da fitilun titi, ko su mayar musu da kuɗin. Sai dai haraji ba kuɗin sayen kaya ba ne da kowa zai karɓi daidai abin da ya biya. Da shi ake gina titin da 'yar aikin ke bi ta zo, da asibitin da maigadin ke kai ɗansa. Wanda ya saba da lissafin kuɗin hidima, na biya kaza a ba ni kaza, a hankali yakan fara kallon duk wani kuɗin jama'a a matsayin ƙwace.

Kuma ficewar ba ta taɓa cika. A watan Yulin 2016 ruwan sama ya mamaye manyan titunan Gurugram, motoci suka maƙale sa'o'i masu yawa, wasu suka kwana a hanya. Kowane rukuni ya gyara cikinsa, amma magudanar da za ta haɗa su ta fitar da ruwa daga gari aikin kowa ce, don haka ta zama aikin ba kowa. Hayaƙin janareta ma ba ya tsayawa a nuna masa kati. An gudu ba a tsira ba.

Sai abin da katanga ke yi wa ido. Setha Low, masaniyar halayyar al'umma da ta shafe shekaru tana hira da mazauna irin waɗannan unguwanni a Texas da New York da birnin Meziko, ta lura cewa tsoron bai tafi ba bayan ƙaura, sauya wuri kawai ya yi. Waɗanda suka gudo daga baƙin fuska a titi sun koma tsoron leburori da masu aikin da ke shigowa kullum. Dalilin a bayyane yake. A titin gari baƙo abu ne na yau da kullum, kana wuce ɗari ba ka kula ba. A wurin da aka tace kowa, fuskar da ba a sani ba ita kanta ƙararrawa ce. Ranar 26 ga Fabrairun 2012, a wata unguwar kulle da ke Sanford a Filorida, Trayvon Martin, yaro baƙar fata ɗan shekara 17, yana dawowa daga kanti zuwa gidan da ya sauka tare da mahaifinsa. George Zimmerman, ɗan sintirin sa-kai na unguwar, ya kira 'yan sanda ya ce ya ga wanda bai yarda da shi ba, ya bi shi, rikici ya kaure, ya harbe shi. Yaron ba ya ɗauke da makami. Kotu ta wanke Zimmerman a 2013. Ana iya jayayya a kan shari'ar har gobe, amma abu ɗaya ba ya cikin jayayya: yaron yana da cikakken haƙƙin kasancewa a wurin, kamanninsa ne suka sa aka ɗauke shi na waje.

Ina yawan tunanin yaran da suka tashi a ciki. Yaron da bai taɓa haɗuwa da talaka ba sai a matsayin mai yi masa hidima, daga get zuwa makaranta a mota, daga makaranta zuwa katafaren kanti a mota, wata rana shi ne zai zama alƙali ko mai tsara birni. Ɗan mai aikin kuma, wanda ya san unguwar a matsayin wurin da ake buɗe jakar uwarsa, shi ma yana koyon nasa darasin.

A Ajantina an ga wannan ƙiri-ƙiri. Nordelta, katafaren rukunin unguwannin kulle da aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1990 a kan fadamar da ke arewa da Buenos Aires, ta shiga labarai a 2018 lokacin da mata 'yan aikin gida suka tare hanya suna zanga-zanga. Kukansu shi ne motocin bas da ke shiga unguwar sun daina ɗaukarsu tare da mazauna, suna barinsu tsaye a tasha. Matar da aka damƙa wa jariri da makullin ɗaki, ita ce ba a son a haɗa kujera da ita. Bayan shekara uku unguwar ta sake yin suna, wannan karon saboda kafibara, wata dabba dangin gafiya da ta kai girman tunkiya, wadda garkenta ya bazu cikin lambunan gidaje yana cinye ciyawa. Mazauna suka ce an mamaye su, masana muhalli suka tuna musu cewa fadamar gidan dabbar ce tun kafin a zuba harsashin farko.

Kada a ɗauka wannan sabon abu ne, ko kuma ba a taɓa ja da baya ba. Birane da yawa a tarihi suna da ganuwa, amma ganuwa gari guda take zagayewa, sarki da maƙeri da mabaraci duk suna ciki. Katangar yau a tsakiyar gari take ratsawa. A Landan, manyan masu filaye sun daɗe suna tare titunan unguwar Bloomsbury da ƙofofi da masu gadi, har sai da majalisa ta yi dokar cire su a farkon shekarun 1890. A Oxford, cikin 1934, wani kamfanin gidaje ya gina katangu biyu masu tsayin sama da mita 2, da ƙarafa masu tsini a kai, a kan tituna biyu na unguwar Cutteslowe, don raba gidajen da yake sayarwa da gidajen hukuma da aka zaunar da talakawa. Mutanen da babbar hanya ke gabansu sai sun yi dogon zagaye kafin su hau bas. Hukumar birnin ta rushe katangun a 1938, kotu ta sa ta sake gina su, ba a rabu da su ba sai 1959. Shekara 25 ana fama a kan bulo. A Lima ta ƙasar Peru, katangar da ta kai kimanin kilomita 10 a kan tsaunuka, wadda aka fara tun shekarun 1980 don raba unguwannin masu hali da na 'yan share-wuri-zauna, sai a 2023 aka fara rushe wani sashenta bisa umarnin kotun tsarin mulki. Kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ma ta yanke a 1994 cewa mazauna Whitley Heights ba su da ikon sa get a kan titunan da na jama'a ne. Daga waɗannan shari'o'i za a ga inda doka ta fi iya tsayawa: titin da aka gina da kuɗin kowa, ba a rufe shi. Inda kamfani ya sayi fili ya shimfiɗa titinsa kuwa, hannun doka gajere ne.

Ƙasar Sin ce ta gwada abin da ba wanda ya gwada. A can zama cikin rukuni mai katanga shi ne abin da aka saba a birane, ga mai kuɗi da ma'aikaci duka, gadon zamanin da kowace ma'aikata ke gina wa ma'aikatanta gidaje a cikin harabarta. Rukunonin suna da faɗi ƙwarai, har sukan tilasta wa motoci duka su taru a 'yan manyan tituna, cunkoso ya yi muni. A watan Fabrairun 2016 gwamnatin tsakiya ta fitar da umarni cewa a daina gina sababbin rukunoni a rufe, tsofaffin kuma a riƙa buɗe su sannu a hankali domin titunan ciki su zama na kowa. Jama'a suka yi ca a intanet. Hujjarsu ita ce dokar mallaka ta 2007 ta ce titunan cikin rukuni na masu gidajen ne a haɗe, da kuɗinsu suka saya, ta yaya za a ce mota ta riƙa ratsa inda 'ya'yansu ke wasa? Gwamnatin da ba ta saba ja da baya ba ta sassauta murya, katangun suka ci gaba da zama.

Bayan shekara huɗu annobar korona ta zo, sai ƙofofin nan suka samu aikin da ba wanda ya saye su dominsa. Da yake kowane rukuni ƙofa ɗaya ko biyu gare shi, da maigadi da littafin suna, rufe birni ya zama abu mai sauƙi. A Shanghai, cikin watannin Afrilu da Mayun 2022, mutane sama da miliyan 20 sun zauna a gida kusan wata biyu. Ana ajiye kayan abinci a bakin get, ma'aikata sanye da fararen kayan kariya suna shigar da su, mazauna suna leƙowa daga benaye. Maigadin da aka ɗauka don ya tambayi baƙo wurin wa ya zo, shi ne ya tsaya a ƙofa yana tambayar masu gida takardar izinin fita.